Matasa Goma Sha Biyu da Na Kai Kumasi a Cikin Fayil

Tun ranar da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A ofis, a masallaci, har wurin mai shayin bakin sakateriya, kowa sai ya ce, "Darakta, yaya Gana?" Na ba da labarin abincinsu har na gaji, na ba da labarin kan iyaka har na fara ƙara masa gishiri. Amma abin da ya kai ni da abin da na taras, ban taɓa faɗa wa kowa daga farko zuwa ƙarshe ba, saboda akwai wurin da ba ya yi mini daɗin faɗa. Yau dai zan rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Shekarata ashirin da bakwai ina aikin gwamnati, goma sha ɗaya daga ciki a sashen koyar da sana'o'i na jiharmu. Shekara biyu da suka wuce muka yi wa matasa jarrabawa, muka tace mutum goma sha biyu waɗanda hannunsu ya faɗa a gyaran mota da walda da wayarin. Muka yi musu alkawarin tura su Kumasi su yi shekara uku a hannun manyan makanikan unguwar Suame, inda muka ji ana ƙera abin da mu sai dai mu saya. Daga nan sai wasiƙa. Mu rubuta wa na sama da mu, su rubuta wa takwarorinsu na Gana, waɗancan su sauko da ita ofishin yanki, ofishin yanki ya miƙa wa birni, birni ya miƙa wa ƙungiyar masu gareji. Ba wanda ya ƙi amsawa, kowa ya buga hatiminsa da kyau. Fayil ya yi ƙiba, yaran kuwa suna zaune a gida. Rannan aka kira ni sama aka ce in shekara ta ƙare ba a karɓe su ba, za a rufe shirin.

A ƙasan wasiƙa ta ƙarshe da ta zo daga Kumasi akwai sa hannun wata jami'a, Hajiya Memuna. Bayan Turancin ofis ya ƙare, sai ta ƙara layi ɗaya da biro, da Hausa: "Malam, ka zo da ƙafarka." Shi ne na shirya.

Izinin hawa jirgi bai fito da wuri ba, ni kuma ba ni da sauran kwanakin jira, sai na bi mota zuwa Legas, daga can na shiga doguwar bas mai bin gaɓar teku. Na sa babbar riga wadda ta sha sitati, na rungume fayil a ƙirji, ina ganin duk jami'in da ya kalle ni zai gane gwamnati ce ke tafe. A kan iyaka ta farko na gane cewa darakta a layi daidai yake da mai buhun barkono. Aka ce kowa ya fito da katin rigakafi, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Na lalube aljihu bakwai babu. Wata Hajiya 'yar kasuwa mai safarar atamfa da ke bayana ta ce, "Alhaji, duba cikin wannan littafin da ka ƙi ajiyewa tun Legas." Ai kuwa yana ciki. Sakatarena, bawan Allah mai bin ƙa'ida, ya huda katin ya zura masa igiya ya sa masa lambar shafi. A gaban taga na tsaya ina kwance takardun shekara biyu, iskar teku tana neman kwashe su, layi yana ta tsaki da harsuna huɗu.

Daga nan Hajiyar ta ɗauke ni kamar ƙaninta. Ita ta gaya mini inda ake sauka a taka da ƙafa, inda ake yin shiru, da inda ake alwala. Mun ratsa Benin da Togo a yini ɗaya, ban iya ko gaisuwa da Faransanci ba, amma ban taɓa rasa wanda zan tambaya ba. Duk inda muka tsaya sai na ji wani mai tsire ko mai shayi yana magana da Hausa. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Mu muna ofis muna rubuta takardar neman zumunci da ƙasashen nan, mutanenmu kuwa sun daɗe a can suna hura gawayi.

Na kwana a Accra, wadda mutanen Zango, wato unguwannin Hausawa na Gana, ke kira Ankara, da safe na hau motar Kumasi. Daji kore shar, duwatsu, da masu burodi a ka. Wani mai wa'azin Kirista ya miƙe a cikin mota ya yi addu'ar hanya, kowa ya ce amin, ni ma na yi tawa a zuci. Da la'asar muka shiga gari.

Wani dattijo mai farar hula ya tare ni a tasha, ya ce shi ne Alhaji Seidu, daga wurin Hajiya Memuna. "Hajiya ya ce kar ka kwana otel," in ji shi. "Ya ce baƙo na gwamnati ma baƙo ne, a kai shi gida." Da farko na ɗauka wani Alhaji yake nufi, sai daga baya kunnena ya saba da Hausarsu, wadda ba ta cika damuwa da raba mace da namiji ba, kuma tana tafe da Turanci da Asantanci a hammata. Muka shiga torotoro, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, muka sauka a Zango.

Gidan Alhaji Seidu irin na da ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida, iyali wajen tara suna girki a fili ɗaya. Ya ce kakansa fataucin goro ya kawo shi daga Katsina, kuma tun daga lokacin ɗakin ƙofar gida na baƙi ne. Na zauna zan fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Aka kawo ruwa, sai da na sha. Sannan ya gyara zama ya ce, "To, Malam, amanee." Ya bayyana mini cewa al'adar Asante ce da mutanen Zango suka ɗauka: baƙo zai sha ruwa, sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da an sani, ya faɗa da bakinsa a gaban mutane. In ya gama, mai gida shi ma ya faɗi halin da aka same shi. Na ce ai shi ya ɗauko ni daga tasha, ya san komai. Ya ce, "Na sani a waya. Yanzu ina so gida ya ji."

Abinci kuwa, na ci har na ji kunya. Da safe koko mai yaji da ƙosai, kamar a gida. Da hantsi shinkafa da wake a cikin ganye, an ɗora mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji da suke kira shito, wanda ya sa na yi hawaye ba tare da an yi mini rasuwa ba. Ranar da aka daka mini fufu, sakwarar rogo da ayaba, na kai loma na shiga tauna da ƙwazo. Matan gidan suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Ashe haɗiyewa ake yi. Alhaji Seidu ya ce in yi haƙuri, kakansa ma sai da ya shekara yana tauna.

Washegari na isa ofishin Hajiya Memuna ƙarfe tara daidai kamar yadda muka yi. Ofis a rufe, sai mai shara. Na zauna a benci ina huci, ina tsara a raina yadda zan ba da labarin lattin mutanen Gana in na koma. Na yi kusan awa ɗaya sai ga wata gajeriyar mata da lema a hannu da takalmin kambas a ƙarƙashin doguwar riga. Ta dubi agogon bango, ta dubi nawa, ta ce, "Malam, har yanzu kana Najeriya." Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Ita ce ma ta zo kafin lokaci.

Wannan ita ce matar da ta sa har yau in na tuna Kumasi sai in yi shiru. 'Yar mahauci ce a Zango. Ta fara aiki tana buga tafireta a wata ƙaramar hukuma can arewacin ƙasar, ta yi ta karatu tana aiki, har ta zama ita ce mai haɗa ofishin yanki da majalisar birni da masarauta da ƙungiyoyin masu sana'a a kan duk abin da ya shafi koyon aiki. Gwamnatoci sun zo sun wuce a kanta, kowace da sabon suna ga tsohon shiri, ita tana nan. Alhaji Seidu ya ce mini akwai lokacin da yaro zai shekara biyar a gareji ya iya kwance inji ya ɗaura, amma ba shi da takardar da zai nuna a nemi aiki, don bai iya rubutu ba. Ita ta yi ta zirga-zirga tsakanin masu takarda da masu sifana har suka yarda a gwada irin waɗannan yaran da hannu. Na tambaye ta shekara nawa abin ya ɗauke ta. Ta ce ba ta ƙirga shekaru ba, takalma ta ƙirga, kuma ta daina a na goma sha.

Na ɗauka a ranar za ta kai ni wurin masu gareji. Ina. Kwana uku muka yi muna gaisuwa. Muka je wurin shugabanta na ofishin yanki, aka ba ni ruwa, aka ce amanee. Muka je majalisar birni, ruwa, amanee. Muka je wurin sarkin Zango, haka. Duk waɗannan mutane sun ga wasiƙuna, wasu ma sa hannunsu na cikin fayil ɗin da ke cinyata. A rana ta biyu na gaji na ce, "Hajiya, wannan ba maimaici ba ne?" Ta ce, "Wanda ya karanta takarda zai iya cewa bai gani ba. Wanda ya ba ka ruwa ba zai ce bai san ka ba." Kuma na lura da wani abu: duk inda muka shiga, sai ta faɗi abin da ofishin baya ya ce, ba ƙari ba ragi, ta kuma nemi izini kafin ta kai maganarsu gaba. Mu a wurinmu, ofisoshi biyu a bene ɗaya sai su shekara suna gaba a kan wa ya kamata ya fara rubuta wa wani.

A rana ta uku na tafka abin kunya. Mun je gaida dattawan Asante masu ƙasar da garejin ke kai, can wajen Manhyia, unguwar fadar sarkin Asante. Suna zaune a jere, babbansu a tsakiya ya yafa zane ya bar kafaɗa ɗaya a waje. Ni da tarbiyyar gida, na san babba ake fara gaisarwa. Na wuce mutum uku kai tsaye na miƙa masa hannu biyu har da rusunawa. Tsohon da ke farkon layi ta dama yana nan da hannunsa a miƙe a iska. Hajiya ta ja mini hannun riga a hankali ta mayar da ni bakin ƙofa. A can daga dama ake farawa a bi layi zuwa hagu, ko wa ke zaune a wurin, don tafin hannunka ya riƙa fuskantar kowa, kada ka nuna wa wani bayan hannu. Na sake daga farko. Da na iso wurin babban a karo na biyu, ya riƙe hannuna ya yi wata magana aka yi dariya. Hajiya ta ce cewa ya yi, ya gode da na gaishe shi sau biyu, amma kada in saba.

Ran Asabar na ga jana'izar mutanen Asante a hanyar Bantama: rumfuna, ganguna, mutane ɗaruruwa cikin baƙi da ja, an rufe titi. Mamacin ya yi wata biyu da rasuwa. Na tuna mu da muke binne mutum kafin maƙwabcin da ya tafi kasuwa ya dawo. Hajiya ta shiga ta bi layin gaisuwa, don mamacin tsohon mai gareji ne, ta ce rabin aikinta a irin wuraren nan ake yin sa.

Sai ran Litinin muka shiga Suame. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Gari ne guda na ƙarfe. Tun daga nesa kake jin guduma, ƙasa ta yi baƙi da man inji, ko'ina walda na walƙiya. Na ga an ɗauko ƙashin babbar mota tsirara an gina mata jiki. Na ga mutum ya narka ƙarfe ya zuba wani ƙaramin abin inji da aka daina yin sa a ƙasar da ta ƙera motar. Na tsaya baki buɗe har wani mai ɗauke da ƙofar mota a ka ya ce in ba shi hanya.

Amma abin da ya fi ƙarfen ba ni mamaki shi ne tafiya a bayan Hajiya. Ba ma yin taku goma sai an kira "Madam" daga ƙarƙashin wata mota. Ita kuma ba wanda take ce wa "kai". "Yaw, ƙafar mamanka ta warke?" "Abdul, an ce ka koma yin fushi kana barin aiki. Zan zo." Wata mata mai fentin mota ta cire ƙyallen hanci ta rungume ta, Hajiya ta ce wannan ita ta kawo ta tana 'yar shekara goma sha tara, yanzu tana da masu koyo shida. Na tambaye ta ko tana da rajistar waɗanda ta sama wa wuri. Ta ce akwai a ofis, saboda masu bincike. Na ji wani irin kwarjini nata ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a gaban kwamishina ba.

Shugabannin ƙungiya bakwai suna jiranmu a wata rumfar kwano. Babbansu Masta Owusu, tsoho mai furfura, hannayensa duk tabon ƙuna. A gefensa akwai kakakinsa, don a zama irin wannan ba a yi wa babba magana kai tsaye. Na fara gaisuwa daga dama, na ga Hajiya ta gyaɗa kai. Muka ajiye lemon kwalba da muka zo da shi, wanda shi ne ƙwanƙwasa ƙofa. Aka ba ni ruwa. Aka ce amanee.

Na yi jawabin da na fi kowane iyawa a rayuwata. Na yi maganar zumuncin ƙasashe biyu, da matasa, da ci gaba. Hajiya tana juyawa da Asantanci, kakaki yana miƙawa. Suka saurara da kyau. Sannan kakaki ya ce Masta ya ji, kuma ya yi murna. Amma a nan, in za a ba da yaro koyon aiki, ubansa ko kawunsa ne ke kawo shi ya tsaya masa. Tunda iyayen waɗannan suna nesa, ni ne ubansu. To, in gabatar da 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na buɗe fayil.

Masta Owusu ya ɗaga hannu. Bai bi ta kan kakaki ba, ya yi mini magana da Hausar da ya koya a wurin yaran Zango. "Rufe littafi, Alhaji. Uba ba ya duba littafi."

Na rufe.

Na fara da Nura, don ɗan direbana ne, a gabana ya girma. Na ce yana da haƙuri amma yana da son barci. Suka yi dariya, Masta ya ce ya karɓa. Na kawo Hadiza mai wayarin, wadda duk farkon wata sai ta zo ofis ta tsaya a ƙofata tana tambayar ina aka kwana, har na riƙa ɓuya. Na ce ba ta da tsoro, kuma mahaifinta ya rasu, yayanta ke riƙe da ita. Ya karɓa. Na kawo Lawal, wanda ya taɓa gyara mini janareta ya ƙi tafiya sai da ya nuna mini abin da na lalata da hannuna. Na kawo Bashir, da muke sallah a masallaci ɗaya. Huɗu ke nan.

Sai na tsaya. Sauran sunayen suna yawo a kaina kamar yadda suke a shafi, da lambobinsu. Na cafko wanda ke saman jerin.

"Akwai Isiyaku," na ce. "Shi ya zo na ɗaya a jarrabawar hannu. Ya fi duk waɗanda na faɗa."

"Yoo," in ji Masta, wato "to" ɗinsu. "Babansa me yake yi?"

Ina cikin laluben amsa ya ƙara wata tambayar.

"In ya yi fushi, yana ihu ko yana shiru? Ina tambaya don mai shiru ba na ba shi wutar walda ranar da ya yi fushi."

"Ban sani ba, Masta."

"In ciwo ya kama shi, wa zan kira ya yi kuka?"

Lambar wayar tana cikin fayil, shafi na arba'in da wani abu. Hannuna ya kai kan bangon, na janye shi.

"Dogo ne ko gajere?" Wannan a hankali ya tambaya, ba da izgili ba.

Wallahi ban sani ba. Sau ɗaya na ga takwas ɗin a taro, ranar da na yi musu jawabi daga kan mumbari.

Na dubi Hajiya ina neman ceto. Tana zaune hannu a kan lema, idonta a ƙasa. Shugabannin suka haɗa kai suka yi shawara, sannan kakaki ya miƙe. Sun karɓi huɗu, su zo ko gobe. Takwas ɗin ba a ƙi su ba, wurinsu na nan. Amma ba za su ɗauki ɗan mutum su sa shi a ƙarƙashin mota mai nauyin giwa ba, alhali wanda ya kawo shi bai san fuskarsa ba. In koma in san su, in dawo in tsaya musu.

A cikin torotoro na kasa haɗiye abin. Na ce, "Hajiya, kin san za a yi mini haka. Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Da na gaya maka, da ka kwana kana haddace fayil. Kuma da ka ci, don kana da kai. Sai su karɓi yara takwas a kan ƙarya." Sannan ta ce, "Ni ma an yi mini. Shekarata ta farko na kawo yara ashirin a takarda, na koma da ashirin." Ta ce saura mata 'yan watanni ta yi ritaya, in yi sauri in dawo tana nan. Haushin da nake ji ya bi iska, ya bar ni da kunya da girmamawa. Na yi aiki da manya da yawa, ban taɓa ganin wanda ya san aikinsa kamar matar nan ba.

A ranar na yi kuskure na ƙarshe, kuma ya fi na gaisuwa muni. Don ɗoki, na buga waya ofis na ce a gaya wa na sama an karɓi huɗu, shiri ya tsira. Ban ce a yi shiru ba, ban kuma bayyana maganar takwas ɗin da kyau ba. Kafin in gama sallama da gidan Alhaji Seidu, in sake ratsa iyakoki uku, in kwana a Legas, labari ya riga ni isa gida a wata siffa: an ɗauki huɗu, an zubar da takwas, kuma ɗan direban darakta na cikin waɗanda aka ɗauka.

Da na dawo na ajiye fayil a durowa na shiga bin gidaje. Na fara da na cikin gari, don sun fi kusa. Na zauna a zaure, na sha ruwa, na faɗi abin da ke tafe da ni. Na san wanda ke da in'ina, da wanda ke ciyar da ƙannensa biyar, da wanda ba ya cin kifi. Iyaye suka yi ta mamakin ganin darakta a kan tabarma. Bakwai na samu, na yi musu bayani, suka huce. Ƙauyen su Isiyaku ya fi nisa, hanyar kuma ba kyau, sai na bar shi ƙarshe. Ranar kwana na tara na isa.

Gidan ƙasa ne, a ƙofarsa akwai wani injin ban ruwa da aka haɗa da kan tsohon babur, aikin hannu mai tsabta. Wata tsohuwa ta fito, ta ce ita ce mahaifiyarsa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na tambayi Isiyaku.

"Ai ya tafi, Malam. Yau kwana shida."

"Ina?"

"Wurin haƙar zinariya, can dajin yamma. Shekara biyu abokansa na jansa yana ƙi, yana cewa gwamnati za ta kai shi Gana. Da ya ji an ɗauki waɗanda za a ɗauka, bai ce komai ba. Shi haka yake, in ransa ya ɓaci sai ya yi shiru. Ya gyara mini injin nan, da safe ya ɗauki jakarsa."

Na tambayi waya. Ta ce inda suke ba a samu, sai in shi ya fito ya kira. Na bar mata lambata, na roƙe ta ko da wane lokaci ne ta ce masa wurinsa na nan. Har yau da nake rubutun nan ina jira, kuma saura kwana goma sha ɗaya mu tashi da bakwai ɗin.

Da na miƙe zan tafi, ta rako ni har bakin mota. Ta yi ta juya bakin mayafinta, sannan ta ce, "Malam, don Allah in tambaye ka. Shi ya ce mini shi ya zo na ɗaya. Me ya rasa da mutanen can suka ƙi shi?"

Na ce, "Inna, bai rasa komai ba. Tambayata aka yi ko dogo ne ko gajere, na kasa faɗa."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗaga hannu sama da kaina kaɗan.

"Dogo ne," in ji ta.